Na'urar Magana ta Hular Kwano da Wa'adin Batirinta

Mahaya babur na ƙasashen Turai, in ban da 'yan tsiraru daga cikin masu tsere, ba su ɗauki rufe kai a bakin komai ba har zuwa watan Mayu na 1935, sa'ad da T. E. Lawrence, Baturen nan na Ingila da ya yi suna a yaƙin Larabawa da Turkawa, ya faɗo daga kan babur ɗinsa a yankin Dorset, ya yi kwana shida bai farfaɗo ba, sannan rai ya yi halinsa. Daga cikin likitocin da suka tsaya a kansa akwai Hugh Cairns, masanin fiɗar ƙwaƙwalwa, wanda al'amarin ya tsaya masa a rai, ya shiga bin diddigin sababin mutuwar sojojin da ke kai saƙo a kan babur, har ya wallafa bincikensa a 1941, kuma a shekarar nan hukumar soja ta Ingila ta wajabta musu sa hular kwano. Farar hula kuwa sai a 1973 hukuncin ya hau kansu a ƙasar, bayan kamfanin Bell na Amurka ya riga ya fito da hular da ke rufe fuska da haɓa ɗungurungum a 1968.

To, hular da ta tsare kai ita ce kuma ta toshe kunne ta danne baki, ta yadda mahayi da wanda ya goya, ko da ƙirjin wannan na jingine da bayan wancan, ba su da hanyar zance in gudu ya kankama illa taɓa kafaɗa da nuni da hannu. Wata dabarar da aka yi irin ta matuƙan jirgin sama ce, waɗanda tun 1917 a makarantar Gosport malami yake yi wa almajirinsa magana ta cikin bututun roba. Daga baya aka zo da lasifika da makirfo masu waya, musamman a kan manyan baburan doguwar tafiya irin Gold Wing na kamfanin Honda a shekarun 1980, kuma galibin waɗannan daga jikin babur suke shan wuta, saboda haka babu mas'alar batir a cikinsu ko kaɗan. Aibinsu kawai shi ne mutum yana ɗaure da babur kamar akuya a turke, in ya manta ya sauka, wayar ta fizge masa kai ko ta tsinke.

Abu biyu suka haɗu kafin a rabu da wayar nan. Na farko fasahar Bluetooth, wadda kamfanin Ericsson na Suwidin ya fara aikinta a 1994. Na biyu kuwa batirin litiyam mai karɓar caji, wanda Stanley Whittingham da John Goodenough da Akira Yoshino suka aza harsashinsa ɗaya bayan ɗaya, Sony ya kai shi kasuwa a 1991, su ukun kuma aka ba su lambar Nobel a 2019. A 2004 kamfanin Cardo ya fito da na'urar da ake maƙalawa a gefen hula ba tare da waya ba, Sena na Koriya ta Kudu ya biyo baya, har aka kai ga ayarin mahaya suna tafe suna hira, kowa a kan babur ɗinsa. Sai dai abin da masu talla ba su cika bayyanawa ba shi ne, daga ranar da na'urar ta ɗauki abincinta a cikinta, daga ranar aka yanka mata wa'adi, domin batirin litiyam, bisa ga ɗabi'arsa, yana raguwa da kowane caji, bayan caji ɗari uku zuwa ɗari biyar yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa, kuma zafi da barinsa cike maƙil ko wayam na tsawon watanni suna gaggauta tsufansa. Ga shi kuwa mazauninsa gefen hula ne, inda rana ke dukansa yini guda. Sa'an nan, don gudun ruwan sama, masu ƙira suka rufe shi da gam da zoben roba, ba su bar masa ƙofa ba, alhali lasifikar da makirfon da sauran kayan ciki suna iya ninka shekarunsa ba su gaza ba. A ganina wannan bai yi nisa da abin da malaman fiƙihu suke tattaunawa a babin ciniki game da aibin da mai saye bai gani ba, ko da yake kamfanonin suna da uzurinsu na ruwa, kuma uzuri ne na gaskiya.

Daga nan ta'adar canza batir ta samo asali, a hannun ma'abota na'urorin da ƙananan masu gyara, kuma sana'a ce guda da ta masu gyaran wayar hannu da kowa ya sani a kasuwannin Kano. Mai gyara yakan bar cajin ya ƙare tukuna, sannan ya kwance ƙananan kusoshin in akwai su, ya bi bakin murfin a hankali da 'yar roba mai kaifi, ba da wuƙa ba, domin ƙarfe in ya huda batirin yana iya tayar da wuta. A ciki zai tarar da shi shimfiɗe, lulluɓe da farar takarda mai ƙyalli, an rubuta volt 3.7 a jikinsa, tare da wata lamba wadda sau da yawa awonsa ce: in an rubuta 603040, ma'ana kaurinsa milimita 6, faɗinsa 30, tsawonsa 40. Wayoyinsa biyu ne ko uku, ja da baƙa, ta ukun kuwa, in akwai ta, ita ke sanar da na'urar zafin batirin don ta tsayar da caji. Inda galibin masu koyo suke yin ɓarna shi ne wajen jonawa, domin sabon batir yakan zo da kan waya iri ɗaya da na tsohon amma an juya ja da baƙa, wanda kuwa bai auna da mita ba kafin ya jona, a ƙiftawar ido zai ƙone abin da ya zo ceto. Idan liƙi ne da dalma, waya ɗaya ake gamawa a rufe kafin a taɓa ta biyu. Batirin da ya kumbura kuwa ba a matsa shi, ba a jefa shi a wuta ko a juji. Bayan an rufe, lamunin kamfani ya faɗi, kuma da wuya murfin ya koma tsare ruwa kamar da, sai an sake bin bakinsa da gam.

Hukumomi sun jima kafin su waiwayi lamarin. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa doka cewa daga watan Fabrairu na 2027 wajibi ne batirin ƙananan na'urori ya zama wanda mai shi zai iya cirewa ya canza da kansa, amma ta yi togiya ga wasu na'urorin da aka ƙera don aiki cikin ruwa da jiƙa, waɗanda ta ce ya wadatar in mai gyara mai zaman kansa zai iya canza musu.