Daga Disfansaren En'e Zuwa Inshorar Lafiya: Wa Ke Biyan Kuɗin Magani?

Da yake yawancinmu mun kai shekarun da hira ba ta ƙarewa sai an taɓo hawan jini da tsadar magani, na ga ya kyautu mu waiwayi tarihin yadda hukuma ta shiga sha'anin lafiyar talaka a ƙasar nan, da kuma aljihun da kuɗin ke fitowa a kowane zamani.

Kafin zuwan Turawa, nauyin majinyaci yana wuyan danginsa ne. Akwai wanzami da maɗori da ungozoma da mai magani, akwai zakka da sadaka, har makafi da kutare suna da sarakunansu masu kula da al'amuransu. Da Turawa suka zo, likitocin da suka kawo na sojojinsu da ma'aikatansu ne. Talaka bai fara ganin asibiti sosai ba sai da En'e ta samu baitulmali, tun wajen 1911, aka riƙa ware wani kaso na haraji da jangali don ayyuka. Da wannan kuɗi aka gina asibitin birnin Kano a ƙarshen shekarun 1920, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala, da shi kuma aka riƙa gina disfansare a gundumomi ana biyan difensa da duba-gari. Wato dai maganin da iyayenmu suka ce na kyauta ne, sun riga sun biya kuɗinsa a hannun dagaci.

Abin da ya fi damun hukuma a lokacin shi ne annoba, kuma ba ta yi mata da wasa ba. Alal misali, da ciwon barci ya addabi ƙasar Zazzau a shekarun 1930, ma'aikata sun bi ƙauye-ƙauye suna tara jama'a dole, suna laluben wuyan kowa don neman kaluluwa. A yankin Anchau aka sassare kurmin bakin rafi don korar tsando, aka gina rijiyoyin siminti, aka tashi mutane aka kai su sabon gari mai suna Takalafiya. Cutar ta ja da baya ƙwarai, amma ba a nemi shawarar waɗanda aka tasa ba. Kuturta kuwa, mishan aka bar wa ita tare da taimakon En'e, a wurare irin su Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa.

Ya kamata a lura da wani abu. Ranar 5 ga Yuli 1948 Ingila ta buɗe tsarin da kowane ɗan ƙasarta zai ga likita ba tare da biyan ko kwabo a bakin ƙofa ba. Mu da take mulka, abin da muka samu shi ne shirin raya ƙasa na shekara 10 da aka soma a 1946, wanda ya ƙara asibitoci da makarantun horar da ma'aikata, amma bai ba kowa haƙƙin magani ba. A 1962 ministan lafiya, Dakta Majekodunmi, ya kai wa majalisa ƙudurin inshorar lafiya don mazauna Ikko, bai samu shiga ba.

Da kuɗin mai ya shigo, gwamnati ta sa shirin kula da lafiya a matakin farko cikin tsarin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980. Gine-gine aka fi mai da hankali a kai, wasu ma ba a gama ba, wasu an gama babu ma'aikata. A 1978 kuma ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata ta Tarayyar Sobiyet suka yi alkawarin lafiya ga kowa kafin shekara ta 2000.

A ganina wanda ya ɗauki wannan alkawari da gaske shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992. Ya fahimci cewa abin da ke kashe 'ya'yanmu gudawa ce da ƙyanda da zazzaɓi da tarin shiƙa, kuma maganinsu ba ya bukatar bene mai hawa biyar. Ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 don gwaji, aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye da ungozomai, rediyo ya koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari, aka fito da manufar lafiya ta ƙasa a 1988. Zuwa 1990 rahotannin hukuma sun nuna allurar riga-kafi ta kai wajen kashi 80 cikin ɗari na yara. Sai dai kash, zamaninsa ya zo daidai da shirin SAP na 1986. Darajar naira ta faɗi, magani kuwa daga waje ake sayo yawancinsa, likitoci da dama suka tafi Saudiyya da Ingila. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako cewa majinyaci ya riƙa biyan kuɗin magani, a juya kuɗin a sake sayo wani. Tun daga nan aka saba da a rubuta maka takarda a ce ka je kemis, har da safar hannu da auduga. Riga-kafi ya koma baya bayan tafiyarsa, sannan sanƙarau na 1996 ya kama mutum fiye da 100,000, ya kashe fiye da 11,000, akasarinsu a Arewa.

Dokar inshorar lafiya ta fito a 1999, amma sai a 2005 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da NHIS. Tsarin shi ne a tara wani kaso na albashi, ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18 su samu magani, su biya kashi 10 cikin ɗari na kuɗinsa. Kowa ya san girman gidajenmu zai gane inda gizo ke saƙa. Bugu da ƙari, a tsarin farko da zarar ka yi ritaya sunanka ya fita, wato daidai lokacin da jiki ya fara neman asibiti. Da yawa daga cikin takardun neman gudummawa da ke zagayawa a ƙungiyoyi irin tamu daga nan suka samo asali. Har zuwa 2022 waɗanda shirin ya rufa wa asiri ba su kai kashi 10 cikin ɗari na 'yan ƙasa ba. Alkawarin da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2001, na ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, gwamnatin tarayya ta shafe fiye da shekara 20 ba ta cika shi ba.

Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don asibitocin matakin farko da marasa galihu, jihohi kuma suka kafa nasu hukumomin taimakekeniya. A watan Mayu 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusun masu rauni. Matsalar ita ce ma'aikaci ana iya cire nasa daga albashi, amma manomi da ɗan tireda da mai facin taya ba su da albashin da za a cira, su ne kuma suka fi yawa.