Yadda riɗin ƙasar Kano ya kama hanyar Japan

A ƙauyukan Dambatta da Bichi da Makoɗa, inda gona ke manne da gona har ba a barin saura, riɗi tsohon amfani ne, amma a da ba shi da wani matsayi. A gefen gero ake yafa shi, a yi kantu, a zuba a miya. Gyaɗa ce mai kawo kuɗi. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911 take ɗaukar haraji da aure da suna, ita ta gina dalar buhuna, ita ta ɗaukaka attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Riɗin da Turawa ke fitarwa a wancan zamani, akasarinsa daga ƙasar Tibi ta Binuwai yake.

Farin farkon shekarun 1970 da annobar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan tsari. A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, kowa ya sami damar saye ya fitar. Kasuwar Dawanau da ke kan hanyar Katsina ta bunƙasa, manomi kuma ya ga riɗi yana jure jigawa da ƙarancin ruwa, ba ya cin taki da yawa.

Can kuwa Japan na nema. Mutanenta na cin riɗi da mansa ƙwarai, amma kusan dukansa daga waje suke sayowa, fiye da tan 100,000 kowace shekara. Kamfanin Kadoya na Japan tun 1858 yake matsar man riɗi. Manyan gidajen fatauci irin su Mitsui da Mitsubishi da Itochu ke nemo wa masana'antu kaya, Nijeriya kuma ta zama ɗaya daga cikin manyan masu kai musu, musamman riɗin matsa. Manomin ƙasar Kano kuwa bai taɓa ganin Bajapane ba. Yakan auna wa ɗan kasuwar ƙauye da tiya, a tara a Dawanau, a tace a inji, a cika kwantena sai tashar Apapa.

A watan Mayun 2006 ciniki ya ƙara tsauri. Japan ta kafa doka kan ragowar maganin ƙwari a abinci: duk maganin da ba a yanka wa iyaka ta musamman ba, kada ya wuce 0.01 cikin miliyan. Ido ba ya ganin wannan, haƙori ba ya ji. Dillalin da ya ƙware wajen damƙar riɗi ya murza a tafi ya faɗi darajarsa, sai ga ɗakin gwaji ya sha gabansa. Fiya-fiyar da aka yayyafa a sito, ko buhun da ya taɓa ɗaukar magani, ko danshin da ya jawo fumfuna, ya isa a ƙi kwantena guda. Irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta rufe wa wakenmu ƙofa a 2015.

Ladabin cinikin ma daban ne. Mu mun saba a taya, a ce albarka, a sallama a wuni guda. Bajapane zai karɓi katin sunanka da hannu biyu, ya karanta, ya nemi samfuri, ya koma shawara da abokan aikinsa wata da watanni. Da wuya ya ce maka a'a ƙiri-ƙiri. In ya ce abin zai yi wuya, to an gama. Jinkirin kaya sai da bayani tun kafin lokaci. Amma in ya amince da kai, ba ya saurin canza abokin ciniki saboda ɗan bambancin farashi, abin da a ganina ya fi kusa da amanar fataken da.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙauye. 'Yan Sin da Turkiyya na saye su ma, don haka riɗi ba ya kwantai. Wanda ya kakkaɓe nasa a kan tamfol mai tsabta da wanda ya kakkaɓe a ƙasa, da yashi da tsakuwa, sau da yawa kuɗin tiya ɗaya ake ba su ranar kasuwa.