Bindigar Luger: Tarihin Rarrabe ta Ainihi da ta Jabu

Luger ƙaramar bindiga ce ta hannu wadda sojan ƙasa na Jamus suka rataya a ɗamara tun daga 1908 har ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. A takardun soja sunanta Pistole 08, ko P08 a taƙaice, kamfanin da ya fara ƙera ta kuma Parabellum yake ce mata. An ƙera sama da miliyan biyu, don haka ba wuyar samu ce ta ba ta daraja a wurin masu tara tsofaffin makamai ba. Sai a ajiye guda biyu a kan teburi, kama ɗaya, shekara ɗaya, amma kuɗin wannan ya ninka na waccan ninkin ba ninkin. Abin da ya raba su 'yan lambobi ne da hatimai waɗanda wasunsu ba su fi ƙwayar dawa girma ba. Karatun waɗannan alamomi ya zama ilmi mai zaman kansa, da malamansa da littattafansa da kuma 'yan damfararsa.

Asalin bindigar

Tushenta wata bindiga ce ta Hugo Borchardt da ta fito a Berlin a 1893, mai aiki da kyau amma doguwa, mai wuyar riƙo. Georg Luger, mutumin Ostiriya, shi ya rage mata jiki, ya karkata mariƙinta yadda zai zauna a tafin hannu. Ya bar mata abin da aka fi saninta da shi, wato ƙarfen nan na samanta mai gaɓa kamar gwiwar mutum, wanda yake lanƙwashewa sama duk lokacin da aka harba, ya tofar da kwanso, ya ɗora sabon harsashi. Kamfanin DWM ne ya ƙera ta. Sojan Suwizalan suka riga kowa karɓarta a 1900, sojan ruwan Jamus suka bi a 1904 da mai bututu milimita 150, sojan ƙasa a 1908 da mai milimita 100. A 1913 aka ƙaro doguwa mai milimita 200 domin masu harba igwa. Harsashin nan mai milimita 9 da ya cika duniya a yau, dominta aka ƙirƙiro shi.

Dalilin yawan lambobi

Babu wanda ya buga wa Luger lamba don amfanin mai tara kayan tarihi. Larurar aiki ce ta kawo su. Injunan wancan zamani ba sa fitar da sassa daidai wa daida, sai ƙwararren maƙeri ya zauna da magagari ya daidaita kowane sashe da bindigar da za a sa shi. Farantin gefe na wannan ba lalle ya yi aiki a waccan ba, kuma ta cikinsa ne motsin kunama yake bi kafin harsashi ya tashi. Idan soja goma suka kwance bindigoginsu a kan bargo ɗaya don gogewa, dole a sami hanyar da kowane ƙarfe zai koma gidansa. Saboda haka aka buga cikakkiyar lamba a gaban jikin bindigar da ƙarƙashin bututu da gindin gidan harsashi, sannan aka bi ƙananan sassa ana buga musu alƙaluma biyu na ƙarshe: farantin gefe, kunama, makulli, sassan gwiwa, sau da yawa har da cikin katakon mariƙi.

Tsarin lambar soja yana da tarko ga baƙo. Alƙaluma ba sa wuce huɗu. In an cika dubu goma sai a koma farko, a sa ƙaramin harafi a ƙarƙashin lambar, a fara da a, a bi da b, ana tsallake j. A zamanin sarkin Jamus kuma yawanci kowace shekara sabon lissafi ake buɗewa. Ke nan lamba ita kaɗai ba ta nuna bindiga ɗaya tilo. Sai an haɗa sunan masana'anta da shekara da lamba da harafi. Wannan ne ya sa mai neman ƙarfen da ya ɓace yakan dace da wani mai alƙaluma biyu iri ɗaya daga wata bindiga daban, ya sa shi, ya ce komai ya dace. Masana sukan kama shi ta siffar alƙaluman, domin kowace masana'anta da irin rubutun ƙarfenta.

Bayan lamba sai hatimin masu duba aiki. A zamanin sarkin Jamus, kambi ne a kan harafi, ana jera su a gefen dama. Ma'aikatar makamai ta gwamnati da ke Erfurt ta fi kowa tsanani a nan, har kusoshin mariƙi takan buga wa hatimi. Tana da wani ma, kambi a kan RC, mai nuna cewa sashen ya ɗan kauce wa ma'auni amma kwamiti ya duba ya amince. Abin mamaki, aikin Erfurt bai kai na DWM sumul ba duk da yawan hatiman. Na sojan ruwa kambi ne a kan M. Waɗanda aka yi don kasuwa kuwa lambobinsu a ɓoye suke a gefen sassa, kuma waɗanda aka tura Amurka suna ɗauke da sunan ƙasar Jamus da Turanci, kamar yadda dokar kwastan ta can ta tanada tun 1890.

Tsakanin yaƙe-yaƙe biyu

Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ɗaure hannun Jamus a harkar makamai, kuma ta bar tabonta a jikin bindigar. Akwai Luger da yawa masu shekara biyu a sama, misali 1917 sannan 1920. Ta biyun ba shekarar ƙira ba ce. Gwamnati ce ta shiga karɓar makamai daga hannun farar hula tana biyan lada, sai ta buga wa nata 1920 don kada a sace su daga bariki a dawo mata da su a karɓi kuɗi. A shekarun da suka biyo baya kamfanin Simson na garin Suhl ne aka yarje wa ya yi wa soja, kuma abin da ya ƙera kaɗan ne.

A 1930 aka kwashe injunan DWM zuwa masana'antar Mauser a Oberndorf. Da gwamnatin Nazi ta fara tara makamai a asirce, sai aka daina rubuta suna da shekara a fili. Mauser ya koma S/42, shekarar 1934 ta koma K, 1935 ta koma G. Daga 1936 shekara ta dawo fili, amma laƙabin masana'anta ya ci gaba da sauyawa: 42 daga 1939, byf daga 1941. Hatimin mai duba aiki ya zama gaggafa a kan lamba, 63 ko 655 ko 135, kowace da shekarunta. Kamfanin Krieghoff ya sami kwangilar dubu goma daga sojan sama. A 1942 aka tsayar da yi wa sojan ƙasa Luger, Walther P38 mai sauƙin ƙira ta gaje ta.

Duk wannan jadawali shi ne makamin mai tantancewa na farko. Kowane abu da lokacinsa, kuma dole su yarda da juna. Hatimin 135 ba ya zama a kan bindigar 1936. Erfurt ba ta yi doguwar nan ta 'yan igwa ba sai a 1914, don haka wadda ta zo da wata shekara akwai magana.

Daga ganima zuwa kasuwa

Sojan Amurka sun koma gida daga yaƙe-yaƙen biyu da Luger a jakunkunansu. Babu ganimar da suka fi kwaɗayi. A yaƙi na biyu hafsa yakan sa hannu a wata takarda mai ba soja izinin tafiya da abin da ya kama, kuma yau wannan takarda, in lambarta ta dace da ta bindigar, tana ƙara mata kuɗi sosai. Da farko dai ba a ɗauke su kayan tarihi ba. Wasu an shafa musu farin ƙarfe mai walƙiya, wasu an sauya musu mariƙi, wasu yara sun yi wasa da su a bayan gida.

Rubutu ne ya sauya lamarin. Littafin Fred Datig na 1955 da na Charles Kenyon na 1969 sun jera ire-iren Luger, suka nuna wanne ne gama-gari, wanne ne da wuya. Sai dai waɗannan marubuta ba su da rumbun takardun masana'anta da za su jingina da shi yadda mai bindigar Colt yake rubuta wa kamfani a aiko masa da wasiƙar ranar da aka sayar da ita. Faransawa sun mamaye Oberndorf a 1945, aka wargaza masana'antar. Abin da aka sani game da jerin lambobi an tattaro shi ne daga bindigogin kansu, mutum ya ga ɗaya ya rubuta, wani ya ga wata ya ƙara. Aiki ne na haƙuri, amma yana da rauni: in jabu ta shiga littafi da wuri, sai ta zama ma'aunin da ake auna na gaskiya da shi. Hakan ya faru, kuma marubutan baya sun sha gyara na gaba.

Littafin da ya koya wa mai saye abin da zai nema, shi ya koya wa mai jabu abin da zai buga. Ba a cika ƙera Luger ta jabu daga farko ba, aikin ya yi yawa. Abin da ake yi shi ne a ɗauki ta gaskiya mai araha a ɗaga mata matsayi: a ƙara mata ƙoƙon kan mutum ko alamar rundunar SS ta Nazi, a sa mata dogon bututu a ce ta sojan ruwa ce, a goge lambar gidan harsashi a buga wadda ta dace. Wani lokaci ma ba a taɓa ƙarfe, suna kawai ake sayarwa. Mauser na 1941 da 1942 masu baƙin mariƙin roba, dillalan Amurka ne suka raɗa musu sunan wata baƙar gizo-gizo mai dafi, aka haɗa da labarin cewa na wata runduna ta musamman ne. Gaskiyar ita ce roba ta maye gurbin katako a wasu daga cikinsu, shi ke nan. Sunan ya zauna, farashin ma ya zauna.

Karatun ƙarfe

Da hatimi ya daina isa shaida, sai ido ya koma kan fatar ƙarfen. Har zuwa 1937 ana baƙanta yawancin Luger ne ta hanyar tsatsa: a shafa magani, a bari ta yi tsatsa, a dafa, a kankare, a maimaita. Wannan ba ya shiga ciki, don haka cikin jikin bindigar yana nan fari. Ƙananan sassa kamar kunama da makulli kuma wuta ake nuna musu har su yi ruwan zuma. A cikin 1937 Mauser ya koma tsoma ƙarfe a tafasasshen ruwan gishirin sinadari, wanda yake baƙanta ciki da waje, ruwan zuman ya ɓace. Bindigar 1916 da cikinta ya yi baƙi ƙirin an sake mata rini, ko da mai ita ya rantse.

Sake rini yana buƙatar a goge ƙarfe tukuna, gugar kuwa tana cin kaifin kusurwoyi, ta mai da haruffa dishi-dishi. Wanda ya saba yakan gane da ɗan yatsa kafin ya ɗauko gilashin ƙara girma. Akwai kuma hasken da ke kewaye lambar ƙarƙashin bututu a yawancin tsofaffin: an buga ta ne bayan rini, bugun ya motsa ƙarfen, sai launin wurin ya kwanta. Sabon rini yana shafe wannan. A wurin da bututu ya haɗu da jiki akwai ɗan layi guda da aka sara a kan su biyun lokaci ɗaya. In rabin layin bai kalli rabinsa ba, an taɓa kwance bututun. Tsufa ma yana da tsari. Kube yana cin bakin bututu da tudun farantin gefe, gumin hannu yana cin gaba da bayan mariƙi. Bindigar da ta sha shekara ɗari babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kyan ɗan maciji gare ta har sai an ga dalili.

Ba kowace mai gaurayen sassa ce jabu ba, kuma nan ne sababbin shiga suke yin kuskure ta ɗaya ɓangaren. Maƙeran soja da na 'yan sanda sun yi ta gyara, suna sauya sassa bisa ƙa'ida suna buga nasu hatimin. Tarayyar Sobiyet ta kwashe dubbai bayan 1945, ta kwance su, ta sake musu rini, ta haɗa yadda ya samu, da yawa da alamar X. 'Yan sandan Jamus ta Gabas sun yi aiki da wasu da mariƙin roba mai zanen da'ira cikin da'ira. Waɗannan sun kwararo kasuwar Amurka bayan rushewar katangar Berlin, ɗauke da sunan kamfanin da ya shigo da su, kamar yadda dokar 1968 ta wajabta. An daɗe ana raina su, ana ce musu na harbi kawai. Yanzu suna da nasu masu nema, kuma a ganina sun fi wasu masu sheƙi gaskiya, tunda ba su ɓoye inda suka bi ba.

Wadda kowane sashenta ya dace kuwa ba a cika harba ta ba. Allurar da ke dukan harsashi da ƙarfen da ke fizgo kwanso suna karyewa, kuma a yawancin na soja dukansu suna ɗauke da alƙaluma biyun nan. Mai irin wannan bindiga in ya matsu sai ya ji ƙararta, yakan cire sassan masu lamba ya nannaɗe su a tsumma mai mai, ya sa na aro, in ya dawo daga filin harbi ya mayar da kowanne wurinsa.