Wa Ya Ƙirƙiro Lambar Sirri, Kuma Me Ya Sa Take Kulle Mai Ita?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, ya ce katinsa na banki ya kulle ranar da zai biya kuɗin kaya, don ya kuskure lamba sau uku, alhali kuwa kuɗin nasa ne. Yana so ya ji inda wannan abu ya samo asali.

AMSA: To malam, sai mu koma ƙasar Amurka, jami'ar MIT, a farkon shekarun 1960. A lokacin kwamfuta ɗaya takan cika ɗaki guda, ga ɗan karen tsada, masu buƙatarta kuwa jingim, kamar injin niƙa ɗaya a gari. Sai wani malami, Fernando Corbató, da abokan aikinsa suka tsara mata manhaja mai suna CTSS, aka fara gwada ta a 1961. Manhaja irin wannan ita ce sarkin gidan na'ura, ita ke cewa wane ya shiga, wane ya tsaya waje. Ta raba wa jama'a lokaci, kowa da ajiyarsa, kowa da kalmarsa ta sirri.

Ba a je ko'ina ba aka yi ɓarna. Wani ɗalibi, Allan Scherr, awa huɗu aka yanka masa a mako, ba su ishe shi bincikensa ba. Sai kawai ya nemi na'urar ta buga masa takardar da ke ɗauke da kalmomin kowa, ta kuwa buga, don a fili aka jera su. Ya riƙa shiga da sunan wasu yana cin lokacinsu. Ka ga ke nan na'ura ba mutum ta sani ba, kalma ta sani.

A shekarun 1970, Robert Morris na kamfanin Bell Labs ya toshe wannan kafa a manhajar Unix. Aka daina ajiye kalmar kanta. Wani lissafi ke dagula ta, ta zama hargitsattsen rubutu da ba ya komawa yadda yake, kamar yadda gari ba ya komawa tsaba. In ka buga taka, sai a sake dagulawa a gwada da na ajiye.

Amma fa ɗan Adam sai a hankali! A 1979 Morris da Ken Thompson suka ba da rahoton kalmomi 3,289 da suka tattara, suka tarar kashi 86 cikin ɗari masu saukin cinka ne: gajeru, ko sunaye, ko kalmomin ƙamus.

Nan muka zo kan taka matsalar. Lamba huɗu irin ta kati, iyakarta dubu goma. In an bar ɓarawo ya yi ta gwadawa, wata rana zai dace. Shi ya sa aka ƙayyade gwaji, kuma na'urar ba ta iya bambanta mai mantuwa da mai sata, duk ƙofa take rufe musu. Layin waya mai lambar PIN ma haka yake: kuskure uku ya kulle sai da lambar PUK, ita kuma in an kuskure ta sau goma, layin ya mutu sai an sake kati.

Shi kansa Corbató, kafin rasuwarsa a 2019, ya yarda cewa yawan kalmomin sirri ya zame wa jama'a ciwon kai. Kai dai malam, sai ka ɗauki katin shaidarka ka nufi banki da kanka, kada ka karanta wa kowa lambar ta waya, ko da ya ce daga bankin yake.