Malalar mai: daga Kogin Romi zuwa Alaska, wa ake sanarwa?

1/ Jama'a, in aka ce malalar mai, mu 'yan Kawo da Malali da Unguwar Rimi sai mu ɗauka zancen Neja-Delta ne. To, ku tsallaka gada ku nufi Chikun. Ku biyo ni.

2/ A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna, kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina ta. A lokacin da take aiki, ɗanyen man ta bututu yake zuwa tun daga Escravos, yana ratsa gonaki da ƙauyuka na ɗaruruwan kilomita.

3/ A lokacin, ruwan dattin matatar Kogin Romi yake bi, Romi kuma Kogin Kaduna yake faɗawa. Manoman rani da masunta na yankin Rido sun daɗe suna kuka. Su ke fara ganin mai a kan ruwa, amma wa za su kira?

4/ Oktoban 1998, bututu ya fashe a Jesse, Jihar Delta. Mutane suka fito da bokiti da jarka suna kwasar fetur, wuta ta tashi. Sama da mutum 1,000 suka rasu. Da an yi shela an kori jama'a da wuri, da abin bai kai haka ba.

5/ A Amurka, jirgin ruwan Exxon Valdez ya zubar da mai a tekun Alaska a 1989. Dokar 1990 ta tanadi majalisar mazauna yankin, har da masunta, tana sa ido kan jigilar mai. Kamfanin bututun ne ke biyan kuɗin aikinta, amma ba shi ke juya ta ba.

6/ Mu sai 2006 aka kafa hukumar NOSDRA. Dokarta ta ce a kai rahoton malala cikin awa 24, in ba haka ba tarar N500,000 kowace rana. Wajen binciken musabbabi kuma ana tafiya da wakilan al'umma.

7/ Amma fa doka daban, aiki daban. Disambar 2011 ganga kusan 40,000 ta malale a Bonga, rijiyar Shell da ke cikin teku. Mutanen gaɓar suka kai ƙara har Ingila, a 2023 Kotun Ƙoli ta ce sun makara.

8/ Dokar man fetur ta 2021 ta ware wa al'ummomin da ake haƙar mai a ƙasarsu kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwar kamfani. A Nuwamban 2022 Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. Kun ga abin ya iso gida.

9/ Saboda haka tun yanzu mai unguwa, sarkin ruwa da ƙungiyar manoman rani su san lambar da za a kira, da inda bututu ya bi, a kuma yi musu bayani da harshen da suke ji. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye.