Tagar Kakanninmu: Darasi Daga Katagum da Azare

Duk wanda ya san tsofaffin gidajen Katagum, garin da Malam Zaki ya kafa, ko na Azare inda fadar ta koma daga baya, ya san sorayen kakanninmu ba su da manyan tagogi. Bangon tubali ne mai kauri, da rufin azara, sai 'yar taga can sama. Da dalili suka yi haka. Iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, ƙaramar taga kuwa kaɗan take bari ya shiga, zafin ɗaki kuma ta nan yake fita. Girki a tsakar gida ake yi, hayaƙi ya tashi abinsa. Da bazara, waje ake shimfiɗa tabarma.

Da bulo da kwano suka zo, garuruwa suka cika, sai muka cunkushe a ɗaki guda, muka toshe taga don sauro da ɓarayi. A 1996 sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Arewa, har da Jihar Bauchi, ya kashe fiye da 11,000. Ƙura tana busar da maƙogwaro, cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa kuma yana yaɗa cutar.

Yau a unguwar nan tamu, janareta ne a gindin taga, garwashi a cikin ɗaki, alhali gubar da suke fitarwa ba ta da wari, cikin barci take kisa. In hazo ya sauko a rufe taga, in ya lafa a buɗe ta tare da ƙofa iska ta ratsa. Janareta kuwa, a kai shi nesa da inda yara ke kwana.