Adaftar bidiyo

Adaftar bidiyo 'yar ƙaramar na'ura ce da ke haɗa kwamfuta da allon kallo, majigi ko talabijin idan bakunan wayoyinsu ba su zo ɗaya ba.

Ɗaya daga cikin mafi daɗewa a bakunan da ake amfani da su har yau shi ne VGA, wanda kamfanin IBM ya fito da shi a 1987. Yawanci shuɗi ne, mai allurai 15 a jeri uku, da kusoshi biyu na ɗaurewa, kuma hoto kaɗai yake ɗauka. DVI ya biyo baya a 1999, sai HDMI mai allurai 19, wanda ke kai hoto da sauti a waya ɗaya. Sababbin kwamfutocin cinya da yawa USB-C ne kawai a jikinsu.

Buƙatar adafta takan taso ne inda tsohon majigi ya gamu da sabuwar kwamfuta, kamar a majami'u, wuraren taro da ɗakunan lacca.

Adaftar HDMI zuwa VGA ba ta aiki a juye, domin a cikinta akwai ɗan guntun lantarki da ke sauya siginar ta fuska ɗaya kawai. Nan ne masu saye kan yi asara. Mai kai VGA zuwa HDMI kuwa tana jan wuta daga USB, kuma sai an haɗa mata wayar sauti daban kafin talabijin ya yi magana.